Fashin Baƙi: Yaƙin Hogland na 1788, Karon da Rasha da Suwidin Kowacce Ta Ce Ita Ta Ci

Tun da Finlan ta shiga ƙungiyar tsaro ta NATO a watan Afrilun 2023, Suwidin kuma ta bi bayanta a watan Maris na 2024, masu sharhi kan al'amuran duniya suke ta nanata maganganu biyu. Ta farko ita ce wai Suwidin ta yar da matsayin 'yar ba-ruwanmu da aka san ta da shi tun fil azal. Ta biyu kuma ita ce wai Tekun Baltik ya zama tafkin NATO, an kulle wa Rasha ƙofa. Maganar farko tana bukatar gyara, domin kafin shekarar 1814, lokacin da Suwidin ta yi yaƙinta na ƙarshe, ƙasar ta shafe ɗaruruwan shekaru tana gwabzawa da maƙwabtanta, musamman Rasha da Denmak. Maganar ta biyu kuwa tana tafe da wani zato da ya kamata a auna shi, wato cewa duk wanda ya fi yawan gaɓa da yawan jirage shi ne mai teku.

Akwai wata rana a tarihin wannan yanki da ta dace a auna wannan zato da ita. A ranar 17 ga Yulin 1788, manyan jiragen yaƙin Suwidin da na Rasha suka yi arangama kusa da tsibirin Hogland, aka yi ta luguden wuta daga la'asar har duhu ya raba su. Kowane ɓangare ya kama jirgi ɗaya na abokin gaba, kowane ɓangare kuma ya shelanta wa jama'arsa cewa shi ya yi nasara. To, wane ne ya ci wannan yaƙi a haƙiƙa, kuma da wane ma'auni ake gane hakan?

Inda abin ya faru

Tekun Baltik yana da wani dogon hannu da ya miƙa gabas, wanda ake kira Mashigin Finlan. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 400, amma ba shi da faɗi, domin tsakanin Helsinki da ke gaɓar arewa da Tallinn da ke gaɓar kudu kusan kilomita 80 ne kawai. A can ƙuryarsa ta gabas birnin St. Petersburg yake, wanda Sarki Peter na Farko ya kafa a 1703 a kan ƙasar da ya ƙwace daga hannun Suwidin, ya kuma mayar da shi fadar mulkin Rasha. A bakin birnin akwai sansanin sojan ruwa na Kronstadt. Tsibirin Hogland, wanda Rashawa ke kira Gogland, mutanen Finlan kuma Suursaari, yana tsaye a tsakiyar mashigin, kimanin kilomita 180 yamma da St. Petersburg, ta yadda duk rundunar da ta nufi birnin ta ruwa sai ta gifta ta gefensa.

Abubuwa biyu suke juya harkar yaƙi a wannan wuri. Na ɗaya shi ne ƙanƙara: ruwan yana daskarewa da hunturu, saboda haka jiragen katako na wancan zamani suna da 'yan watanni ne kacal na aiki, daga bazara zuwa kaka, kuma duk wanda ya ɓata makonni shida to ya ɓata shekarar. Na biyu shi ne gaɓar Finlan, wadda take cike da dubban ƙananan tsibirai da duwatsu a ƙarƙashin ruwa, inda babban jirgi ba ya iya shiga sai ya kafe. Wannan ne ya sa ƙasashen biyu kowacce ta tanadi runduna iri biyu, ta manyan jirage masu tafiya da iska a sararin teku, da ta ƙananan jirage da kwale-kwalen yaƙi waɗanda ake tuƙawa da hannu a lungunan tsibirai. A lokacin nan Finlan yanki ce ta masarautar Suwidin, kuma babbar ganuwarta ta ruwa ita ce Sveaborg, wadda aka gina a kan tsibiran bakin Helsinki.

Abin da ya kai Sarki Gustav ga yaƙi

Suwidin ce ta tsokano wannan yaƙi, kuma mutum guda ne ya so shi, wato Sarki Gustav na Uku. Ƙasar ta daɗe tana jin zafin abin da ta rasa a hannun Rasha. A yarjejeniyar Nystad ta 1721 ta sallama yankunan da suke Estoniya da arewacin Latviya a yau, tare da ƙasar da St. Petersburg ke kai da garin Vyborg. A yarjejeniyar Åbo ta 1743 ta ƙara sallama wani yanki na kudu maso gabashin Finlan. Bayan haka kuma jakadun Rasha a Stockholm sun saba da raba kuɗi ga 'yan majalisa domin sarauta ta ci gaba da zama marar ƙarfi. Gustav ya karya wannan tsari da juyin mulkin da ya yi a 1772, ya tattara iko a hannunsa, amma zuwa 1786 manyan masu sarautar gado sun fito fili suna adawa da shi a majalisa. Ya ga cewa yaƙi gajere mai nasara zai rufe bakin 'yan adawa, ya kuma cire hannun Rasha daga siyasar ƙasarsa. Shi da Sarauniya Catherine ta Biyu ta Rasha taubasai ne, domin mahaifiyarta da mahaifinsa uwa ɗaya uba ɗaya suke, amma zumunci bai hana kowannensu neman karya ɗan'uwansa ba.

Dama ta samu a 1787, lokacin da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Daular Usmaniyya ta Turkiyya. Mafi yawan sojojin Rasha suka yi kudu, aka kuma fara shirya manyan jiragen Baltik domin su zagaya Turai su shiga Bahar Rum su far wa Turkawa ta baya, kamar yadda suka yi a Chesma a 1770. Shirin Gustav shi ne rundunarsa ta ruwa ta murƙushe ta Rasha ko ta kulle ta a Kronstadt, sannan a sauke sojojin ƙasa kusa da Oranienbaum, wani gari a gaɓar kudu kusa da St. Petersburg, a taka zuwa St. Petersburg, a tilasta wa Catherine sa hannu kan sulhu kafin ta dawo da dakarunta daga kudu. Gaba ɗayan shirin ya rataya ne a kan sauri da kuma cikakkiyar nasara a teku.

Sai dai akwai cikas na doka. Tsarin mulkin da Gustav da kansa ya kafa a 1772 ya hana sarki fara yaƙin kai hari ba tare da amincewar majalisa ba. Don haka a ƙarshen watan Yunin 1788 aka yi wata 'yar musayar wuta a kan iyaka kusa da Puumala, wadda masana tarihi da yawa suka tafi a kan cewa sojojin Suwidin ne aka sa wa kayan sojan Rasha suka yi ta, domin a ce Rasha ce ta fara. Daga nan sarkin ya aika wa Catherine sharuɗɗan da ya san ba za ta karɓa ba, ciki har da mayar da yankunan Finlan da kuma mayar wa Turkawa Kirimiya, wadda Rasha ta haɗe a 1783.

Wannan wasa da doka ya ci Suwidin tun kafin a harba igwar farko. Rundunarta ta bar Karlskrona, babban sansaninta na sojan ruwa a kudancin ƙasar, a farkon watan Yuni, kuma a hanya ta yi kiciɓis da manyan jiragen Rasha uku, kowanne mai igwa 100, waɗanda aka tura gaba zuwa Kopenhagen, babban birnin Denmak, a kan hanyarsu ta Bahar Rum. Da yake ba a riga an shelanta yaƙi ba, sai aka ƙyale su suka wuce. A ganina wannan shi ne kuskure mafi tsada a farkon yaƙin, ko da yake ana iya cewa hanzarin ma kuskure ne: da Gustav ya yi haƙuri na 'yan makonni, da sauran jiragen Rasha sun bi waɗannan ukun zuwa Bahar Rum, mashigin ya zama wayam.

Mene ne jirgin sahu, kuma yaya ake yaƙi da shi

Wanda ya saba ganin jiragen yaƙi na ƙarfe a talabijin zai yi wuya ya fahimci wannan karo sai an bayyana masa irin jiragen. Na katako ne zalla, ba su da inji, iska ce ke tura su ta hanyar manyan ƙyallaye da ake ɗaurawa a kan dogayen itatuwa uku. Igoginsu a jere suke a gefe da gefe, hawa biyu ko uku, suna leƙowa ta ƙananan tagogi. Babban jirgi yana ɗaukar igwa 60 zuwa 100, da mutane ɗari biyar zuwa sama da ɗari takwas, domin kowace babbar igwa tana bukatar mutane da dama su ja ta, su ɗura mata albarushi da dunƙulen ƙarfe, su sake tura ta gaba.

Tun da ƙarfin jirgi a haƙarƙarinsa yake, gaba da baya kuma babu kariya sosai, sai dabarar yaƙi ta zama a jera jirage ɗaya bayan ɗaya kamar ayarin raƙuma, kowanne ya juya gefensa ga abokan gaba. Jirgin da ya isa ya tsaya a wannan jeri shi ake kira jirgin sahu. Ƙananan da ba su kai ba, masu hawa ɗaya na igogi, aikinsu leƙen asiri da kai saƙo, sai dai idan an rasa yadda za a yi a cusa su cikin sahun.

Abin da mutane suka fi kuskure a kai shi ne zaton cewa ana nutsar da jirage da yawa a irin wannan yaƙi. Katako mai kauri ba ya nutsewa da sauƙi. Dunƙulen ƙarfe yakan fasa bango ya watsa tsinken katako masu kaifi, waɗanda su ne suke kashe mutane su yanke gaɓoɓi, ko kuma ya karya itatuwan ƙyallaye jirgin ya kasa motsi. Idan jirgi ya rasa motsi, mutanensa suka ƙare, sai kyaftin ya sauke tuta, abokan gaba su hau su karɓe shi. Shi ya sa ake ƙirga nasara da yawan jiragen da aka kama. Umurni kuma da tutoci ake bayarwa, don haka idan hayaƙin albarushi ya turnuƙe, babban kwamanda ba ya ganin jiragensa, su ma ba sa ganin alamarsa.

Suwidin ba ta shigo da raunin kayan aiki ba. Mashahurin magininta Fredrik Henrik af Chapman ya ƙera jiragen sahu goma da wasu ƙanana goma a Karlskrona cikin 'yan shekaru a farkon shekarun 1780, bisa zubi ɗaya, abin da ba a saba gani ba a lokacin. Jiragen Rasha sun fi girma da yawan igogi, amma da yawa daga cikin ma'aikatansu sabbin ɗauka ne da ba su taɓa shiga teku ba.

Yadda ranar ta kasance

Mai riƙe da tutar rundunar Suwidin shi ne Yarima Karl, ƙanen sarki, wanda daga baya ya hau gadon sarauta da sunan Karl na Goma Sha Uku, kuma yana dogara ne ga gogaggun hafsoshi irin su Anton Johan Wrangel da Otto Henrik Nordenskjöld. A ɓangaren Rasha akwai Admiral Samuel Greig, haifaffen Sikotlan, wanda ya shiga aikin Catherine tun yana matashin hafsa ya kuma yi suna a Chesma. Suwidin ta jera jiragen sahu 15, ta cike gurbi da manyan jiragen leƙen asiri biyar. Greig ya zo da jiragen sahu 17, yana kan Rostislav mai igwa 100. Littattafan Rasha suna rubuta ranar da 6 ga Yuli, saboda a lokacin kalandarsu tana bayan ta Suwidin da kwana goma sha ɗaya.

Iska ba ta da ƙarfi a ranar, kuma tana busowa ne daga ɓangaren Rashawa, don haka Greig ne yake da zaɓin kai hari. Ya kai, amma sahunsa bai isa a tare ba. Shi da jiragen da ke kusa da shi sun matsa har kusa da Suwidawa, yayin da wasu kyaftin-kyaftin suka tsaya daga nesa suna harbin da ba ya isa ko'ina, duk da alamun da ya yi ta ɗaga musu. Wannan ya sa nauyin faɗan ya faɗa a kan wani sashe na rundunar, wanda ya sha wuta fiye da kima. Can da yamma iska ta ƙara kwantawa, hayaƙi ya zauna a kan ruwa, har ta kai ana sauke ƙananan kwale-kwale su ja manyan jirage da igiya domin su riƙe matsayinsu.

Cikin wannan yanayi ne kowane ɓangare ya rasa jirgi ɗaya. Jirgin Suwidin mai suna Prins Gustaf, wanda Hans Fredrik Wachtmeister ke jagoranta, ya ragargaje har ya kasa bin 'yan'uwansa, ya miƙa wuya ga Rostislav. A ɗaya ɓangaren kuma jirgin Rasha Vladislav mai igwa 74 ya rasa igiyoyinsa da ƙyallayensa, ruwa ya kwashe shi zuwa tsakiyar jiragen Suwidin, babu wanda ya kawo masa ɗauki, ya sauke tuta bayan an kashe ko an raunata da yawa daga mutanensa. Da dare ya yi, wuta ta tsaya. Ɗaruruwan mutane sun mutu, kuma asarar rayuka ta fi yawa a ɓangaren Rasha.

Washegari Yarima Karl bai sake neman karo ba. Jiragensa da dama sun kusa ƙarar da harsashi, wasu sun lalace, don haka ya juya zuwa Sveaborg domin gyara da ƙarin kaya. A nan aka tarar cewa rumbunan ganuwar ba su da isassun kayan da manyan jirage ke bukata, alamar cewa an shiga yaƙin da gaggawa ba tare da tanadin abin da za a yi idan karon farko bai yanke hukunci ba. Greig ya koma Kronstadt, ya gyara jiragensa cikin hanzari, ya gurfanar da kyaftin-kyaftin ɗin da suka noƙe a gaban kotun soja, ya dawo a farkon watan Agusta. Ya riski wasu jiragen Suwidin a wajen Sveaborg, ɗaya daga cikinsu ya kafe a kan dutse aka kama shi aka ƙone, sannan ya tsare bakin mashigar. Rundunar da aka gina domin kama St. Petersburg ta zauna a kulle har watan Nuwamba.

Hujjar kowane ɓangare

Masu cewa Suwidin ta ci suna da abin faɗa. Jiragenta sun fi ƙanƙanta, igoginta sun fi kaɗan, amma ta tsaya ƙafa da ƙafa da rundunar da ta fi ta nauyi, ta yi mata ɓarnar rayuka fiye da wadda ta sha, kuma jirgin da ta kama bai gaza wanda ta rasa ba. Ta fuskar horo da iya harbi, ma'aikatanta sun nuna fifiko. Gustav ya yi amfani da wannan ya shelanta nasara a gida.

Masu cewa Rasha ta ci kuwa ba sa ƙirga jirage, suna duba abin da kowa ya fito nema. Suwidin ta fito ne domin ta share mashigin ta sauke soja a bakin St. Petersburg, kuma ba ta sauke ko mutum ɗaya ba. Greig ya fito ne domin ya tare hanya, kuma ya tare. Catherine ta fahimci haka, shi ya sa ta ba shi lambar girma ta Saint Andrew, wadda ita ce mafi daraja a daular. Ni ina tare da wannan fahimta, kuma dalilina shi ne bukatun ɓangarorin biyu ba ɗaya ba ne. Suwidin tana bukatar cikakkiyar nasara kafin ƙanƙara ta sauko, Rasha kuwa abin da take bukata kawai shi ne kada a murƙushe ta. A irin wannan hali kunnen doki ba kunnen doki ba ne, faɗuwa ce ga mai gaggawa.

Abin da ya biyo baya a ƙasa ya tabbatar da haka. Da hafsoshin sojan ƙasa suka ga shirin ya tsaya, ga ƙarancin abinci da kaya, ga kuma shakkar halaccin yaƙin, sai wasu daga cikinsu suka rubuta wa Catherine wasiƙar neman sulhu ba da sanin sarki ba, kuma a watan Agusta hafsoshi sama da ɗari suka sa hannu kan takardar da aka sani da haɗakar Anjala. A watan Satumba Denmak, wadda ke da ƙawance da Rasha, ta shigo daga Nowe, wadda take ƙarƙashinta a lokacin, ta nufi birnin Gothenburg na Suwidin, sai da Birtaniya da Prussia suka matsa mata lamba sannan ta janye.

Akwai kuma ɓangare na uku da ba a cika ambata ba, wanda ya amfana ba tare da ya harba ko igwa ɗaya a Baltik ba. Tafiyar Greig zuwa Bahar Rum ta rushe gaba ɗaya, Turkawa suka tsira daga hari na biyu irin na Chesma, kuma a 1789 suka ƙulla yarjejeniyar tallafa wa Suwidin da kuɗi. Shi kansa Greig bai ga ƙarshen shekarar ba, zazzaɓi ya kashe shi a cikin jirginsa a tashar Reval, wato Tallinn ta yau, a watan Oktoba, kuma a babbar majami'ar birnin kabarinsa yake.

Shekaru biyu da suka rage

A 1789 manyan rundunonin sun sake haɗuwa kusa da tsibirin Öland ba tare da sakamako ba. A 1790 Gustav ya sake gwada shirinsa na farko. Harin da aka kai wa jiragen Admiral Vasily Chichagov na Rasha a Reval a watan Mayu ya ci tura, sannan a farkon Yuni aka gwabza kusa da Kronstadt har ana jin ƙarar igogi a St. Petersburg. Daga nan aka ritsa rundunonin Suwidin biyu, da sarkin a cikinsu, a mashigar Vyborg kusan wata guda. Sun fasa shingen a ranar 3 ga Yuli, amma sun rasa jiragen sahu bakwai da dubban mutane. Kwana shida bayan haka, a Svensksund, ƙananan jiragen Suwidin suka yi wa na Rasha mummunan kaye a ranakun 9 da 10 ga Yuli, inda kwamandan Rasha, Yarima Nassau-Siegen, ya rasa jirage gommai da dubban sojoji. Wannan ita ce nasarar ruwa mafi girma a tarihin Suwidin, kuma ita ta ba Gustav damar zama teburin sulhu da mutuncinsa.

Yarjejeniyar Värälä ta 14 ga Agustan 1790 ta bar iyaka daidai inda take kafin yaƙin. Ribar Gustav ita ce Rasha ta daina iƙirarin tana da ta cewa a tsarin mulkin Suwidin. A watan Maris na 1792 wani tsohon hafsa ya harbe shi a wurin bikin rawa a Stockholm, bisa makircin wasu masu sarautar gado. A 1808 Sveaborg ta miƙa wuya ga Rasha, kuma kwamandan da ya miƙa ta shi ne Carl Olof Cronstedt, ɗaya daga cikin gwarazan Svensksund. A 1809 Finlan gaba ɗaya ta koma hannun Rasha.

Abin da ya shafi muhawarar yau

Ba daidai ba ne a ɗauki yaƙin jiragen katako a ce zai faɗi yadda karo zai kasance a zamanin makamai masu linzami da jirage marasa matuƙa. Amma siffar mashigin ba ta canja ba. Har yanzu ƙunci ne da shi, har yanzu St. Petersburg na ƙuryarsa, Hogland kuma a hannun Rasha yake tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ta wannan ruwa ne jiragen dakon mai suke fita daga tashoshin Rasha na Primorsk da Ust-Luga, kuma a ƙarƙashinsa bututun iskar gas da wayoyin lantarki da na sadarwa suke haɗa Finlan da Estoniya. Lalacewar bututun Balticconnector a Oktoban 2023 da ta wayar Estlink 2 a Disamban 2024, wadda ta sa Finlan ta tsare jirgin dakon mai Eagle S, sun nuna cewa mallakar gaɓa biyu ba ta nufin iko da duk abin da ke gudana a tsakaninsu. Mai son rufe wannan ruwa yana bukatar ya yi nasara kullum, mai son dagula shi kuwa sau ɗaya ya ishe shi, kuma waɗanda za su fara ji a jikinsu su ne masu biyan kuɗin wuta da masu sayen kayan da jirage ke ɗaukowa.

Wanda ya biya kuɗin yaƙin

Jirgin Vladislav, wanda aka ja zuwa Sveaborg a matsayin shaidar nasara, ya zo da cuta a cikinsa. Wani zazzaɓi ne da ƙwarƙwata ke yaɗawa, mai kama mutum ya sake shi ya kuma dawo, kuma fursunonin Rasha da tufafinsu suna ɗauke da shi. An rarraba mutanen da kayan a cikin rundunar, cutar ta bazu a jiragen da ke kulle, inda ɗaruruwan mutane suke kwana a cunkushe cikin sanyi ba tare da wanka ko canjin tufafi ba. Da rundunar ta samu ta sulale zuwa Karlskrona a watan Nuwamba, sai ta kai cutar cikin gari. Asibitin sojan ruwa ya cika, aka koma kwantar da majinyata a rumbuna da tantuna, kuma cikin shekaru biyu dubban mutane suka mutu a garin, sojoji da fararen hula, adadin da ya ninka waɗanda igwa ta kashe a Hogland sau da yawa. Rashin ma'aikata da wannan annoba ta haddasa yana daga cikin dalilan da suka sa rundunar ta kasa taɓuka abin kirki a 1789.

Ciwon bai tsaya a Karlskrona ba, saboda yadda Suwidin take samun ma'aikatan jirginta. A ƙarƙashin tsarin da ake bi a lokacin, gonaki kaɗan na yankunan gaɓa suke haɗuwa su ɗauki nauyin sojan ruwa guda, su ba shi ɗan gida da 'yar gona, shi kuma ya amsa kira idan yaƙi ya tashi. Idan ya mutu, wajibi ne manoman su nemo wani su sa a gurbinsa, matarsa da 'ya'yansa kuma sau da yawa sai sun bar gidan domin sabon ya shiga. Waɗanda aka sallama suka koma ƙauyukansu da rashin lafiya sun kai cutar can. A ɓangaren Rasha nauyin ya faɗa ne a kan manoma bayin ƙasa, waɗanda ake ɗiba daga ƙauyuka a kai su aikin soja na tsawon rai, da yawansu ba su taɓa ganin teku ba sai ranar da aka sa su a jirgi.

Sai kuma bashi. A 1789 aka kafa ofishin kula da bashin ƙasa na Suwidin domin samo kuɗin ci gaba da yaƙin, ofishin ya riƙa fitar da takardun da suka zama kuɗin hannu, aka kuma ɗora sabon haraji domin biyan bashin. Da takardun suka yi yawa darajarsu ta faɗi a kan kuɗin azurfa, farashin kaya ya tashi, kuma sai a 1803, shekara goma sha ɗaya bayan mutuwar Gustav, aka tsayar musu da farashi a hukumance, a kan kashi biyu cikin uku na darajar da aka rubuta a jikinsu.